Jar Motar da ke Saman Kanta

Shagona taku huɗu ne da rabi,
a hanyar da ke gangarawa Binuwai,
nan Garwa, tsakanin tela da mai gyaran rediyo.
Shekara tara ina ciki, ga abin da idona ya gani.

Balan-balan shi ne sarkin shago.
Dala biyar, iska ce kawai cikin roba,
a hura, ya fashe, a yi kuka,
a share hawaye, a dawo da wata dala biyar.
Abin da ba ya ƙarko shi ke ɗora mini tukunya.

Usur ke bi masa.
Iyaye na tsine mini a ɓoye, na sani.
Ran Laraba matar Hamajoda ta zo da kanta,
ta ce, "In Bakari ya dawo, ki ce masa ya ƙare,
kwana uku ba mu runtsa da rana ba."
Na ce to.
Da la'asar ya zo, na sayar masa guda biyu.

'Yar tsana kuwa sai ta iya lumshe ido.
Jaratu ta kwantar da bakwai a kan tebur,
duk wadda ta ƙi barci ta mayar,
wai ba ta son 'ya mai taurin kai.
Tsirara ba sa fita,
sai na roƙi ƙyalle wajen tela na ɗaura musu zane,
kafin azahar babu ko ɗaya.

Bindigar ruwa ta bazara ce,
lokacin da kwalta ke riƙe takalmi.
Ƙwallo ba ta da wata, ba ta da rana.
Ludo kuwa, wani mai babur ya saya jiya,
yana kallon rufi yana cewa na yaransa ne,
alhali ko lefe bai haɗa ba.

To, ku ɗaga kai ku ga asarata.
Jar mota mai rimot, 'yar Duwala,
ta hau jirgin ƙasa har Gaundare,
ta sauko dutse a bayan babbar mota,
jaka goma sha biyu na zuba a kanta.
Sallah huɗu ke nan tana saman kanta.
Kowa ya taɓa, ya tambayi kuɗi,
ya ce, "Allah ya kawo kasuwa."
Har na gaji da amin.

Akwai wani yaro, Giɗaɗo,
kullum in an tashi makaranta yana bakin ƙofa,
ba ya taya komai, ba ya magana,
ido kan motar, leɓe na motsi kamar mai tilawa.
Na ɗauka ɓarawo ne, na matsar da kwanon canji.
Allah ya yafe mini.

Ran nan sai ga shi da tasa.
Gwangwanin madara ne jiki,
tayoyi daga tsohon silifa,
fitilu marfin kwalba, sitiyari doguwar waya,
har ƙofar baya tana buɗewa,
abin da 'yar Duwala ba ta iya ba.
Yara na bin sa kamar kaji sun ga tsaba.

Yanzu biyar yake kawo mini duk Juma'a.
Dala sittin, ya ɗauki arba'in, in ɗauki ashirin.
Ba batir, ba lallashi,
in ta karye a miƙe ta da haƙori.
Ba ta kwana biyu a shago.

Jar motar tana nan inda take.
Tayarta ba ta taɓa taka ƙasa ba,
amma jikokinta sun cika unguwa.

Ɗazu ya tambaye ni ko zan sayo jirgin sama.
Na ce da tsada, babu mai saye.
Ya ce, "Ai ba don a saya ba ne, Inna.
Don in gani."